FILIN LAFIYA: Ɓarawon Haƙori Yana Da Ɗan Jagora A Cikin Gida

Wasiƙar da muka zaɓa a wannan mako ta fito ne daga wani mai karatu da ke zaune a Sabo ta Ibadan, ɗan kasuwar goro, mai shekara 46. Ya ce shi da wansa uwa ɗaya uba ɗaya suke, akushi ɗaya suka tashi suna sa wa hannu, itacen aswaki ɗaya suke karya. Amma ga shi yau wan nasa, wanda ya girme shi da shekara bakwai, yana tauna ƙashi yana fasa aya, shi kuwa matauna uku sun fita, na gaba biyu suna girgiɗi, kuma ba ya wanke baki da safe bai ga jini a miyau ba. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne haƙoran da suka faɗi lafiyarsu lau, babu kogo, babu baƙi. Ya ƙara da cewa wani mai tallan magani ya kawo masa kwalbar waɗansu ƙwayoyi masu tsada, ya ce masa wai batirin da ke cikin naman jikinsa ne ya yi sanyi, in ya sha wata uku dasashi zai koma kamar na yaro. Tambayarsa ita ce, ya saya ko kada ya saya? Can a ƙarshen takardar kuma, kamar abin da bai dame shi ba, ya ambata cewa a 'yan watannin nan ƙishirwa ta yi masa yawa, yakan tashi fitsari sau uku ko huɗu kafin gari ya waye.

To, Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna. Mai tallan nan ya tsinci wata magana ta gaskiya ce a bakin masana, sa'an nan ya ɗaura mata jela. Domin a raba gaskiyar da jelar, tilas mu ɗan yi tafiya, mai karatu ya yi haƙuri da mu.

Haƙori kamar turke ne da aka kafa a ƙasa. Ƙasar ita ce ƙashin muƙamuƙi, akwai kuma waɗansu siraran zaruruwa da suka ɗaure saiwar haƙorin da ƙashin, sa'an nan dasashi ya lulluɓe su duka. Tsakanin dasashi da haƙori akwai ɗan lungu wanda zurfinsa a bakin mai lafiya bai wuce milimita 3 ba. A nan dauɗar nan mai yauƙi take taruwa, kuma yawancinta ba ragowar abinci ba ne, taron ƙwayoyin bakteriya ne masu rai. In an bar ta sai ta daskare ta zama kamar siminti, dasashi ya kumbura ya riƙa zubar da jini. In abin ya ci gaba sai lungun ya zurfafa ya zama aljihu, zaruruwan su tsinke, ƙashi ya zaizaye, turke ya soma rawa alhali shi kansa ko gara ba ta taɓa shi ba. Wannan shi ya sa haƙoran Malam suka faɗo farare tas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na shekarar 2022, wajen kashi 19 cikin ɗari na manyan mutane a duniya suna fama da matsanancin nau'in wannan ciwo, mutum fiye da miliyan dubu ke nan.

Cewa dauɗa ita ce mafarin abin, an tabbatar da shi tun 1965, sa'ad da wani masani, Harald Löe, ya sa mutum 12 masu lafiyayyen baki a garin Aarhus na ƙasar Danmak suka daina goge haƙori ɗungum. Tsakanin kwana 10 zuwa 21 dukansu dasashinsu ya kumbura, da suka koma gogewa kuma cikin kamar mako guda ya warke. Amma shi wannan Löe ɗin ne ya sake gano abin da ya rikita lissafin. Daga 1970 shi da abokan aikinsa suka riƙa bin waɗansu leburori 480 a gonakin shayi na ƙasar Siri Lanka har shekara 15. Mutanen nan ba su san buroshi ba, ba su taɓa ganin likitan haƙori ba, bakin kowa cike da dauɗa. Sakamakon da aka buga a 1986 ya nuna kashi 8 cikin ɗari ciwon ya cinye su da gaggawa, har kafin su kai shekara 45 kusan baki ya zama wayam. Kashi 81 ya ci su sannu a hankali. Kashi 11 kuwa bai wuce kumburin dasashi ba, ƙashinsu yana nan daram. Dauɗa iri ɗaya, abinci iri ɗaya, ƙarshe daban daban. Ashe tambayar mutumin Sabo tsohuwa ce, kuma amsarta tana wajen yadda jikin kowa yake karɓar baƙin nan. Abin da masana suka tsaya a kai yau shi ne bakteriya ke tsokano faɗan, amma mafi yawan ɓarnar dakarun jikin mutum ne da kansu suke yin ta.

A nan ne maganar batiri ta shigo. Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, masana na kiransu sel. A cikin kusan kowane ɗaki akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa, ɗaruruwa ko dubbai, waɗanda wani Bajamushe, Carl Benda, ya raɗa wa suna maitokondiriya a 1898. Mu a wannan fili za mu kira su murhu, domin ya fi batiri dacewa. A cikinsu ake ƙona abincin da muka ci tare da iskar da muka shaƙa, a fitar da wani sinadari mai suna ATP, wanda shi ne kuɗin da kowane aiki na jiki yake karɓa, tun daga ƙifta ido har zuwa ɗinke rauni. Aikin ƙonawar yana hannun waɗansu furotin da suka jeru a bangon cikin murhun rukuni biyar, suna miƙa wa juna kaya hannu da hannu kamar masu miƙa tubali a wurin gini. Kowa ya san in ana miƙa tubali ba a rasa wanda zai suɓuce. Abin da ya suɓuce a nan yakan haɗu da iskar ya zama tartsatsi mai ƙona duk abin da ya taɓa. Saboda haka murhun yana da nasa mai yayyafa ruwa, wani furotin da ake kira SOD2, wanda ba shi da aiki sai kashe tartsatsin tun bai tashi ba.

Murhun mutum yana da furotin iri fiye da dubu, amma guda 13 daga cikinsu labarinsu daban ne, kuma a ganinmu nan ne daɗin zancen yake. A bisa nazarin masana, wanda wata Ba'amurkiya, Lynn Margulis, ta tsaya a kansa tun 1967 ana yi mata dariya kafin a zo a yarda, asalin murhun nan ita ma bakteriya ce mai zaman kanta, wadda ta shiga cikin wani sel shekaru fiye da miliyan dubu da rabi da suka wuce, ta yi zaman baƙunci har ta zama 'yar gida. Har yau tana riƙe da 'yar takardar gadonta ta kanta, wadda aka karance ta kaf a Kambirij ta Ingila a 1981, aka sami harafi 16,569, kuma daga cikinta ake ƙera furotin 13 ɗin nan. To, kowane ɗayansu yana farawa da wata alama da ake kira fomil, irin wadda furotin na bakteriya suke farawa da ita. Watau baƙon ya daɗe, ya koyi harshen gari, ya yi 'ya'ya da jikoki, amma tsagen garinsu yana nan a kumatunsa.

Muddin yana cikin ɗaki ƙofa a rufe, babu mai ganin tsagen. Amma fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun jiki, an hore su ne a kan su far wa duk mai wannan alama. Idan sel ya fashe kayan murhu suka watse waje, sai dakaru su ga tsage su ɗauka abokan gaba ne suka hauro ganuwa. Wani likitan fiɗa a Bostan ta Amurka, Carl Hauser, shi da mutanensa sun nuna haka a 2010 a jinin waɗanda suka ji mummunan rauni: jikinsu yakan ɗauki zafi kamar cuta ta shige shi, alhali gutsattsarin murhunsu ne kawai suke yawo a jini.

Yanzu sai mu komo cikin aljihun dasashi. Daga cikin bakteriyar da ke zaune a can akwai wata shu'uma da masana ke kira Porphyromonas gingivalis, wadda ba ta son iska, saboda haka zurfin aljihu shi ne aljannarta. A 2011 Pedro Bullón da abokan aikinsa a Sabil ta ƙasar Sifen, garin da malamanmu suka sani a littattafai da sunan Ishbiliya, suka ɗiga dafin jikin wannan ƙwaya a kan sel na mutum a ɗakin gwaji. Sai murhun ya raunana, tartsatsi ya ƙaru, sel suka soma mutuwa. Da suka duba jinin masu ciwon dasashi kuma sai suka tarar da irin wannan rauni a fararen ƙwayoyin jininsu. Waɗansu gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna ƙwayar tana zuga wani furotin mai suna Drp1, wanda aikinsa na yau da kullum shi ne raba murhu gida biyu in ana bukata, sai ya wuce gona da iri ya daddatsa shi gunduwa-gunduwa. Murhun da ya lalace yakan saki wani furotin, saitokurom si, wanda a cikin gida ɗan miƙa tubali ne kawai, amma da zarar ya fito tsakar ɗaki ya zama umarni ga sel cewa ya kashe kansa.

Mai karatu ya ga yadda abin ke zagayawa. Bakteriya ta taɓa murhu, murhu ya yi tartsatsi ya fashe, dakaru suka ga tsage suka ƙaro runduna, rundunar ta yi ta watsa nata makaman masu ƙuna, waɗansu sel suka sake mutuwa, aljihu ya ƙara zurfi, naman da ya ruɓe da jinin da ya zuba kuma suka zama abincin bakteriyar da aka zo kora.

Saura ƙashi. Mutane da yawa sun ɗauka ƙashi busasshen abu ne kamar itace, alhali kuwa kullum ana rushe shi ana sake gina shi. Akwai sel masu rusau, akwai magina. Masu rusau ɗin manya ne, cike suke da murhu, domin narkar da ƙashi aiki ne mai cin wuta. A 2009 waɗansu masana a Japan suka nuna cewa akwai furotin, PGC-1 beta, wanda shi ke ba da umarnin ƙara musu murhu, kuma ɓerayen da aka cire wa shi masu rusau ɗinsu sun kasa aiki sosai. Kumburi da tartsatsi suna ƙara wa masu rusau yawa da kuzari, magina kuwa suna kassara su. In rusau ya fi gini shekara da shekaru, turke ya faɗi.

To, me ya raba Malam da wansa? Ga wani abin mamaki: takardar gadon murhu daga uwa kaɗai ake samunta, uba ba ya ba da ko harafi. Tun da uwarsu ɗaya, furotin 13 ɗin nan nasu iri ɗaya ne. Sauran dubu da ɗoriya kuwa daga babbar takardar gado suke, wadda uwa da uba suka haɗa, kuma a nan kowane ɗa da rabonsa. Nazarin tagwaye da aka buga a Amurka a shekarar 2000 ya nuna kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane game da wannan ciwo gado ne. Wannan rabi babu yadda za a yi da shi. Ɗaya rabin shi ne abin magana, kuma manyan abubuwa biyu ne a cikinsa, dukansu kuwa murhu suke bugu.

Na farko taba. A cikin hayaƙinta akwai guba iri biyu, iskar gawayi da sayanayid, waɗanda suke toshe rukuni na huɗu na masu miƙa tubalin nan. Daɗin daɗawa tana matse jijiyoyin jinin dasashi, sai mashayi ya ga ba ya zubar da jini ya ɗauka lafiya yake, ƙashi kuwa yana tafiya a ɓoye.

Na biyu shi ne wanda ya sa muka ɗauko wannan wasiƙa muka ajiye sauran, watau ciwon sukari. Tun 1993 Löe ya kira ciwon dasashi illa ta shida ta ciwon sukari, bayan ta ido da ƙoda da jijiyoyi da sauransu, kuma mai sukarin da ba a kula da shi ba haɗarinsa ya ninka na sauran mutane kamar sau uku. Michael Brownlee na birnin Niyu Yok ya bayyana dalili a 2001: idan sukari ya yi yawa a jini, sai a cusa wa murhu itace fiye da ƙima, masu miƙa tubali su cushe, tartsatsi ya yi ta tashi har ya fi ƙarfin mai yayyafa ruwa. Hanyar kuma mai zuwa da dawowa ce, domin kumburin dasashi shi ma yana hana sukari sauka. A 2018 Francesco D'Aiuto da abokan aikinsa a Landan suka buga gwajin da suka yi da mutum 264 masu ciwon sukari da na dasashi tare. Rabi aka yi musu cikakken aikin dasashi, rabi aka yi musu sharar sama-sama. Bayan wata 12, ma'aunin sukari na wata uku ya fi sauka da kashi 0.6 cikin ɗari a wajen waɗanda aka yi wa cikakken aiki, abin da ya yi kusa da ƙarin maganin sukari guda. A wani rahoton da masanan Landan ɗin suka fitar cikin shekarar, a kan mutum 51, an ga tartsatsin murhu a fararen ƙwayoyin jini ya ragu wata shida bayan an kankare dasashi.

A lura da wannan da kyau. Abin da aka tabbatar ya gyara murhu a jikin mutum mai rai shi ne ƙarfen likitan haƙori da ya shiga aljihu ya kankare dauɗa.

Ƙwayoyin cikin kwalba fa? Galibin irin waɗannan da ake talla da sunan batirin jiki sinadarin Q10 ne, wanda da gaske yana cikin murhu, yana taya miƙa tubali. Tun cikin shekarun 1970 wani masani a Amurka, Karl Folkers, da abokan aikinsa suka ba da rahoton ƙarancinsa a dasashin masu ciwon, daga nan kasuwa ta buɗe. Amma da aka bi gwaje-gwajen aka tace su a wata mujallar likitocin haƙori ta Ingila a 1995, sai aka tarar ƙanana ne, ba a tsara su yadda za su zama hujja ba, har yau kuma ba ya cikin abin da ƙungiyoyin likitocin dasashi suka yarda a yi magani da shi. Ganin toka a gidan da ya ƙone ba ya nuna rashin toka ko yawanta ne ya jawo gobara. Haƙiƙa ana neman magani ta wannan hanya, kuma neman na gaske ne. Alal misali a 2022 masana a Jami'ar Niyu Yok sun nuna cewa wani sinadari da murhu ke sarrafawa, sakasinet, yana yawaita a dauɗar masu ciwon, suka haɗa wani man shafawa da ke toshe masa hanya, ya rage kumburi da zaizayar ƙashi. Amma a bakin ɓeraye aka yi wannan, kuma tsakanin bakin ɓera da kantin magani akwai tafiyar shekaru, da yawa daga cikin masu kama hanyar ba sa isa. Mu dai abin da ke ba mu haushi shi ne yadda ake ɗauko rabin magana daga ɗakin bincike a sayar wa talaka da ita a farashin buhun masara.

Saboda haka, Malam, kuɗin kwalbar nan ka raba shi biyu. Da kashi na farko ka je asibiti a cikin makon nan, ba wata mai zuwa ba, a auna sukarin jininka, domin ƙishirwa da yawan fitsarin dare tare da haƙora masu girgiɗi a shekara 46 ba abin da za a saka a ƙarshen wasiƙa ba ne. Da na biyu ka nemi likitan haƙori, ka roƙe shi ya auna zurfin aljihun kowane haƙori da ɗan tsinkensa mai awo, ya kankare har ƙarƙashin dasashi. Mun san masu cewa wankin haƙori a asibiti yana sa su girgiɗi. Abin da ke faruwa shi ne simintin dauɗar ne ya riƙe su kamar tsohon gini da kuka ta dafe, in an cire sai ɓarnar da ta riga ta auku ta bayyana. Ƙashin da ya tafi ba kasafai yake dawowa ba, amma wanda ya rage ana iya tsare shi, haƙorin da ke rawa kaɗan kuma yakan daɗa tsayawa in kumburi ya sauka.

Aswaki kada ka bar shi, yana aiki ƙwarai in an iya riƙe shi, sai dai ya fi isa fuskar haƙori ta waje, bayan haƙora da tsakankaninsu kuwa yakan bar su, can kuma ciwon ya fi farawa. A haɗa da buroshi mai laushi safe da dare, da zaren sakace ko ɗan buroshin tsakani. In jini ya fito kada a tsorata a daina, wurin da ke jinin shi ya fi bukatar gogewa. In kana shan taba ko kana tauna ta gari, ka san inda hayaƙin da garin suke zuwa.

Ranar da za ka je kuma ka ja hannun yaya ku tafi tare, shi ma a sa masa tsinken awon. Mai fasa aya da haƙori yakan kasance cikin kashi 81 ɗin nan na gonar shayi, waɗanda ciwon ke ci a hankali ba tare da zafi ba, kuma in an sami sukari a jininka, shi ma ɗan gidan ne.